Zaren Likkafanin Malam

Bayan Sallar layyar da ta wuce, matar ɗana ta share tsakar gida ta juye sharar a murhu, ashe da ƙashin ƙafar rago a ciki. Ina zaune a bakin ɗakina ƙaurin ya iso ni. Ita ta toshe hanci tana neman itacen da za ta zaƙulo shi, ni kuwa na ce ta bar shi ya ci wuta. Ta waiwayo ta ga idona ya kawo ruwa, ta ɗauka hayaƙi ne, har tana yi mini sannu. Ƙaurin ɗakin kakata ne ya biyo ni har cikin tsufana.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Faɗa nake yi ana rubuta muku, idan magana ta karkace ku yi wa tsohuwa haƙuri. Labarin zare zan ba ku, zaren da na kaɗa da hannuna don a saƙa wa maigidana likkafani, da yadda na tashi neman masaƙi na tarar sun ƙare.

Gidan da aka haife ni yana cikin gonaki, tsakanin Bagwai da Ɗambatta. Ƙasarmu ba ta da daji. Ba ka yin tafiya mai nisa sai ka ci karo da darnin wani gida, kowace kunya da mai ita, kowace ɗorawa an san wanda zai kaɗe ta. A tsakanin dawa ake shuka auduga, sai an sare dawar take samun sarari ta fashe, gona ta yi fari tas. Mu yara mu ne masu tsinka. Ƙwanson yana da tsini, duk ya yayyanka mana gefen farce, mu dawo gida da lefe a ka muna tsotsar yatsa.

Kakata, uwar mahaifina, Iya muke ce mata. Ita ce mai tara ƙashi. Duk ƙashin da aka gama da shi a gidan sai ta ƙona shi har ya yi fari, ta daka, ta kwaɓa da ruwa, ta dunƙule ta shanya. Shi ne alli, wanda mai kaɗi take dangwalawa da yatsa don kada mazari ya yi mata santsi. Da rani, idan an gama surfe da wanke-wanke hantsi ya ɗaga, sai matan gida su shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu. Wata tana gurza audugar a kan dutse da ɗan ƙarfe, angurya tana faɗuwa gefe. Wata tana shiɓa da ɗan baka, burbushin yana tashi yana sauka a kan kowa, yaro da babba duk mu yi furfura. Iya kuwa tana tsakiya da mazarinta. Ta murza shi ta sake, yana juyi a cikin 'yar ƙwarya yana ɗan gurnani, hannunta na hagu yana tafiya sama a hankali, zare yana fitowa daga cikin audugar kamar da ma can yana ciki. Ba ta kallonsa. Tana kaɗi tana raba faɗan jikoki, tana korar kaza da ƙafa.

Ni da na fara koyo, zarena gaɓa-gaɓa yake fita, nan kauri nan siriri. Duk gaɓar da ta gani sai ta buga mini gindin mazari a ƙoƙon gwiwa. Ba da ƙarfi ba, amma dai ana ji.

Masaƙan unguwarmu a gindin wata tsamiya suke zama, a jere. Kowa ya miƙa zarensa can nesa ya ɗaure a jikin dutse, yana saƙa dutsen yana matsowa. Tun daga rijiya kana jin ƙarar ƙoshiyarsu tana kai da komo. Ƙyallen da suke fitarwa bai wuce faɗin tafin hannu ba, sai an jera da yawa an ɗinke kafin ya zama zane. Babbansu taubashin Iya ne, ba sa rabuwa da tsiya. Ni ake aike da zaren. Ya ɗaga dunƙulen ya juya shi a rana ya ce, "Wannan zare ne ko igiyar ɗaure jaki?" Na koma na faɗa mata. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Koma ki ce masa in igiya ce ya ɗaure bakinsa da ita." Haka zan yi ta safa da marwa tsakaninsu, ni ce mai gajiya su ne masu jin daɗi.

Amma akwai zaren da ba a aike na da shi. Shi ne mafi siriri, wanda take kaɗawa da sanyin safiya idan hannunta bai gaji ba, ta naɗe ta jefa a wata tukunya mai murfi a ƙarƙashin gadonta. Ran nan na tambaye ta na wane ne. Ta ce likkafanin kakana ne. Na tsorata, don a lokacin yana zaune lafiya lau a zaure yana tufka igiya. Ta ce, "Ke, zauna ki ji. Mu mata ba ma bin gawa kushewa. Ko shekara nawa kika yi da mutum, iyakarki ƙofar gida, maza su ɗauke shi su tafi. To ni zarena zai raka shi. Har cikin ramin." Ta dangwali alli ta ci gaba da aikinta. Da kakana ya rasu, da farin da aka saƙa a gindin tsamiyar nan aka suturta shi. Haka uwarta ta yi wa nata mijin, haka matan gidanmu suke yi.

Da aka kai ni ɗakina a unguwar da ke bayan tamu, har da mazari a cikin kayana. Maigidana, Malam nake ce masa, manomi ne, da rani kuma yakan kora jakuna birni da itace ya dawo da taki. Wata rana ya dawo da abin da ba taki ba. Ya warware mini wani yadi a tsakar gida, akoko, saƙar inji. Matan maƙwabta suka taru. Muka bi shi da yatsa muna neman inda aka haɗa, babu ɗinki ko ɗaya. Wata tsohuwa ta ware hannuwanta a kan faɗinsa ta ce, "Wane irin ƙato ne wannan masaƙin?" Muka yi ta dariya.

Ba zan yi muku ƙarya ba, mun so shi. Ba shi da nauyi, ka wanke da safe kafin azahar ya bushe. Bayansa atamfa ta zo da furanninta, na ɗaura na ji ni wata ce. Alawayyo ya zo, fari ƙal, aka fara yin likkafani da shi. Babu wanda ya kori masaƙa daga gindin tsamiya. Zare ne ya daina zuwa. Tsofaffin suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu suka tafi Kano aikin masaƙar inji. Har ɗana na fari ya bi su. Yakan zo gida da burbushin auduga a gashinsa irin wanda muke yi a inuwar rumbu, sai dai shi da tari, kuma sai an ɗaga murya yake ji, ƙarar injuna ta taɓa masa kunne.

Audugar ma ta bi su. Aka tare ruwa aka yi dam, mutane suka koma shinkafa da albasa. Gonaki aka yi ta rabon gado har suka zama kamar tabarmi, wa zai ɓata wurin abinci da abin da kanti ya cika da shi? Malam ne kawai ya bar mini layi guda a jikin darni, duk damina sai ya shuka, bai taɓa tambayata me zan yi da ita ba. Ya sani.

Na fara kaɗa zaren likkafaninsa lokacin da furfura ta fara fito masa a gemu. Layi guda ba ya ba da auduga mai yawa, sai kaɗan-kaɗan, bana dunƙule biyu baɗi uku. Idan ya shigo ya gan ni da mazari sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Baiwar Allah, wai sauri kike yi in tafi ne?"

"Malam, in da sauri nake ai da na kanti na aika a sayo."

"To ki yi shi da laushi. Kin san ba na son abu mai ƙaiƙayi."

Masaƙi guda ya rage a tsamiya a lokacin. Na aika masa, ya ce in bari zaren ya cika tukuna, don sau ɗaya ake ɗora shi a gama. Kafin ya cika, wata damina zazzaɓi ya ɗauke shi. Na yi masa addu'a na ci gaba da kaɗina. A raina ina cewa ƙasa da faɗi, in babu a unguwarmu akwai a ta gaba. Ina cikin gida, ban san yadda waje ya koma ba.

Da wata bazara Malam ya fita sharar gona, aka dawo da shi a ɗauke. Ɓarin jikinsa ya shanye. Aka kai shi asibiti aka dawo, yana kwance, magana tana fita da ƙyar. Wata safiya ina ba shi koko ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna ƙarƙashin gado, inda tukunyar zaren take.

"Ya cika?"

Na ce ya cika.

"To me ake jira?"

A lokacin masaƙar injin ma an rufe ta, yadi daga ƙasashen waje yake zuwa. Ɗana ya dawo gida yana haya da babur. Ku da kuka taso yanzu ba lallai ku san kunyar ɗan fari ba. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, kakarsa ce ta goya shi. Idan ina da magana da shi sai dai in faɗa wa matarsa. Haka na yi. Ta dawo mini da amsa cewa ya ce zaren hannu ba ya shiga inji, injinan ma sun yi shiru, kuma malamai sun ce duk farin ƙyalle mai tsarki ya wadatar. Na ce gaskiyarsa, ni ma na san haka. Amma ina jin ta gaya masa yadda ta bar ni, don ranar kasuwar Ɗambatta bai yi haya ba. Ya bi 'yan hatsi da 'yan shanu, masu zuwa daga ko'ina, yana tambaya ko akwai inda aka san mai saƙar hannu. Wasu suka yi masa dariya. Wani ya ce akwai wani tsoho a can bayan Rimin Gado, amma bai san ko yana da rai ba.

Washegari na nemi izinin Malam, na ƙulle zaren a zane, na hau bayan babur ɗin ɗana. Ban san inda zan sa hannuna ba. Na riƙe ƙarfen baya har muka shiga wani rami na kusa faɗuwa, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Inna, ki riƙe ni." Na riƙe rigarsa. Rabon da in taɓa jikinsa tun yana shan nono.

Hanyar ban gane ta ba. Inda na san burtali da jakuna, kwalta ce. Inda na san gonar gero, masu buga bulo ne da shaguna da dogayen ƙarafunan waya. Na ga fararen abubuwa a kan ƙaya na ɗauka auduga ce, ashe leda ce iska ta rataye.

Muka sami tsohon da ransa, yana zaune a zaure, idanunsa sun yi hazo. Itatuwan saƙarsa suna soke a rufin zauren, gara ta fara ɗaya. Na kwance ƙullin na miƙa masa. Bai kai shi ido ba. Ya ja zaren tsakanin yatsunsa, ya ja, ya ja, ya kai shi leɓe.

"Wa ya koya miki?"

"Kakata."

"Lallai kin sha mazari a gwiwa."

Na yi dariya, dariyar ta juye mini kuka. Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Ƙanwata, ba zan ɓoye miki ba. Na daɗe ban hau ba, ƙafafun nan sun daina jin magana, kuma babu yaron da ya iya miƙa mini zare. Zan fara saboda Allah. Inda ya tsayar da ni, nan ne." Ɗana da ke tsaye a bakin ƙofa ya cire takalmi ya shigo. Ya ce aikinsa ke nan a masaƙa, ɗaure zare idan ya tsinke. Su biyu suka wuni a ƙofar gidan, tsoho yana faɗa yaro yana yi, 'yan unguwa sun kewaye su suna ɗaukar hoto da waya.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Ɗana yakan leƙa tsohon idan haya ta kai shi wajen, ya dawo ya gwada wa matarsa tsawon abin da aka saƙa, ita kuma ta zo ta gwada mini da hannunta. Yau ya kai kamu kaza, gobe tsohon ya kwanta ciwon baya. Malam kuwa yana ta raguwa. Ya daina tambaya da baki, sai dai idan na shigo ya bi hannuna da ido ya ga ko na riƙo wani abu. Ina ce masa ana nan ana yi. Babu abin da ya fi wannan kallon yi mini nauyi.

Gero ya kai gwiwa, an gama noman farko, Allah ya karɓi abinsa da hantsi. Ina riƙe da hannun Malam.

Gawa ba ta jira. Kafin in dawo hayyacina na ji tashin babur, ɗana ya fita bai gaya wa kowa ba. Maza suka cika ƙofar gida, aka tafi haƙar kabari, aka yi wanka. Ƙanin Malam ya aika aka sayo alawayyo, ina daga ɗaki ina jin ana yaga shi. Liman ya tambayi ina babban ɗa, aka ce a ɗan dakata. Hadari ya haɗo, aka fara yayyafi, mutane suka fara cewa a yi a gama kafin ruwa ya cika ramin.

Sai ga shi ya shigo sharkaf. Ya durƙusa a gabana ya ciro abin daga cikin rigarsa. Ashe wurin tsohon ya je, a jikin saƙar ya yanko shi. Ƙyalle ɗaya ne, faɗin tafin hannu, dogo, a naɗe. Ko jariri ba zai rufe ba. Shekarun da na yi ina kaɗi, abin da ya fito ke nan. Na rungume shi na yi kukan da ban yi ba lokacin fitar ran.

Ƙanin Malam ya karɓa ya fita da shi zaure. Can ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, liman ya ce ki share hawaye. Ai likkafanin namiji da rawani. Ya auna, ya isa, har da jela."

Aka kira ni in yi masa addu'ar sallama. Yana kwance cikin farin kanti mai ɗaukar ido, kansa kuwa naɗe da nawa, fari mai duhu-duhu kamar kindirmo. Na sa hannu na shafa. Na ji 'yan gaɓoɓin da ban taɓa rabuwa da su ba tun ina yarinya. Da laushi dai, Malam, ba ya ƙaiƙayi. Na ce na yafe masa, na roƙi ya yafe mini. Maza suka ɗauke shi. Na bi su har bakin zaure na tsaya a nan, inda Iya ta tsaya.

Bayan na fita takaba tsohon ya aiko mini da sauran zaren, ya ce in yafe masa, ƙafa ta ƙi. Bai kai damina ta gaba ba. Na ji an ce itatuwan saƙar da su aka dafa abincin sadakarsa.

Yanzu ina kallon jikokina, kowa da kaya cike da jaka, na Sallah daban na makaranta daban. Mu da zane ɗaya muka girma, idan an wanke shi sai ka ɓuya a ɗaki ya bushe. Don haka ba na zagin inji, ya suturta talaka. Abin da ke damuna, da can idan na ɗaura zane na san gonar da audugar ta fito, na san wadda ta kaɗa, na san wanda ya saƙa har da irin tsiyarsa. Wannan da ke jikina ban san ko hannun mutum ya taɓa shi ba. Tsamiyar masaƙa an sare ta, shagon cajin waya ne a wurin. Matan gidan nan kirki gare su, amma babu wadda ta san ta inda ake riƙe mazari, kuma ban ga laifinsu ba.

Ni da alawayyo za a rufe ni, na riga na haƙura. Kwanakin baya dai na yi abin da ban taɓa yi ba. Ban aiki matar ɗana ba, ni da bakina na ce masa ya zo. Ya zauna a bakin ƙofa yana kallon ƙasa. Na jawo tukunyar zaren na buɗe. Na ce idan tawa ta zo kada ya wahalar da kansa neman kowa, ya sayo na kanti. Amma likkafani ai sai an ɗinka. Na ce da wannan zaren nake so a ɗinka nawa, kuma shi nake so ya ɗinka.

Ya ɗauki dunƙule ɗaya ya duba. Na ƙarshe-ƙarshen ne, wanda na kaɗa bayan yatsuna sun yi nauyi. Ya ce, "Inna, wannan ya yi kauri, ba zai shiga allurar yanzu ba."

Na ce, "To ka nemi wadda zai shiga."

Ranar kasuwa ya dawo da yamma, ko ɗakinsa bai shiga ba ya zo wurina. Ya ciro wata babbar allura daga aljihu, irin ta masu ɗinkin buhu. Ya lashi bakin zaren, ya murza, ya ɗaga wajen haske ya zura. Karon farko ya kuskure, sai a karo na gaba ya samu.

"Ya shiga, Inna."

Na ce alhamdu lillahi. Ya soke allurar a jikin dunƙulen da zaren a cikinta, ya mayar cikin tukunya, ya rufe.